Kafin ka kafa shago a duniyar kwamfuta: yadda dokar kayan manya take a Second Life, IMVU, Roblox da VRChat

Ɗauki rigar barci guda ɗaya, mai leshi, wadda ƙirjinta yake ɗan shara-shara. A kwamfuta aka zana ta, domin mutum-mutumin da mai wasa yake yawo da shi a cikin duniyar intanet. Idan mai zanen ya kai ta kasuwar Second Life, ɗaya daga cikin irin waɗannan duniyoyin, za a karɓa, muddin ya sa ta a matakin da ya dace da hoton tallarta. A IMVU za a gwada ta da ma'aunin rufe jiki, in ta gaza sai a mayar da ita ɓangaren da masu izinin manya kaɗai suke gani. A Roblox ko bakin ƙofa ba za ta kai ba. A VRChat kuwa da wuya a sayar da ita a cikin dandalin, sai dai a wata kasuwar waje mai nata dokokin, waɗanda ka iya sauyawa cikin dare ɗaya.

Da yawa daga cikin masu koyon Blender da sauran manhajojin ƙera kaya suna ganin wannan magana ba ta shafe su ba, tunda su ba batsa za su sayar ba. Su ne ma suka fi buƙatar saninta. A waɗannan dandali, abin da ake kira kayan manya ya haɗa da tsiraici da jima'i, ya kuma haɗa da zubar da jini mai tsanani, a wasu wuraren har da giya da ƙwaya da ashar. Mai ƙera takobi mai jini a kaifinsa yana ciki. Mai zana fatar jikin mutum-mutumi yana ciki. Mai sayar da gado ma yana ciki, idan ya sa masa motsin da mutum biyu za su yi a kai. Masu sa ido kuma ba su san niyyarka ba. Abin da suke gani shi ne hoton talla, sunan kaya, kalmomin da ka sa don a same ka a bincike, da wurin da shagonka yake. Saboda haka tambayar da ta kamata mai shirin zuba jari ya yi ita ce: a wannan kasuwa, wa ke ɗauke da nauyin tantance kaya, kuma wa zai yi asara ranar da aka yi kuskure?

Second Life: an yarda, amma kowa da unguwarsa

Kamfanin Linden Lab na San Francisco ya buɗe Second Life a 2003, kuma a cikin huɗun nan ita ce ta fi fitowa fili ta ce manya suna da damar yin abin manya. A 2009 aka raba gari: aka buɗe wata nahiya mai suna Zindra, aka kwashe shaguna da kulob-kulob na batsa daga babban yankin aka kai su can. Tun daga lokacin kowane fili yana da ɗaya daga cikin matakai uku. General shi ne na kowa da kowa, babu tsiraici, babu jima'i, babu tashin hankali mai muni. Moderate shi ne inda yawancin rayuwar garin take, wuraren rawa, mashaya, bakin teku, manyan shaguna. Adult shi ne na jima'i a bayyane, da hotunan tsiraici masu kama da na gaske, da azabtarwa ko kisa mai tsananin muni. 'Yan shekara 16 da 17, waɗanda aka shigo da su bayan rufe ɓangaren matasa a wajajen ƙarshen 2010, General kaɗai suke iya takawa.

Mai sayarwa yana da ƙofa biyu a nan, kuma kowace da hukuncinta. Ta farko shagon cikin gari, wanda yake bin matakin filin da aka gina shi. A filin Moderate mutum zai iya ajiye gado mai motsin jima'i a cikin ɗakinsa, a rufe, amma ba zai kafa allon talla ya ce ga inda ake yi ba, ba kuma zai sa kalmomin batsa a bayanin fili don jawo jama'a ba. In yana son yin haka sai ya koma filin Adult. Ƙofa ta biyu ita ce Marketplace, kasuwar yanar gizo ta kamfanin, inda kowace talla take da matakinta daban, kuma kai mai kaya ne za ka zaɓa. Kamfanin yana cire la'adar kashi 10 cikin 100 a kowane ciniki tun Disambar 2019. Kafin nan kashi 5 ne.

A Marketplace ne sababbi suke yawan tuntuɓe. Akwai tace kalmomi da ke aiki da kansa: ka sa wata kalma a suna ko a bayani, sai ka ga tallarka ta hau zuwa Moderate ko Adult ba tare da kowa ya tambaye ka ba. Wani lokacin kalmar ba ta da laifi a inda ka sa ta, na'ura ce kawai ba ta san bambanci ba. Illar tana da girma, domin wanda bai kunna ganin kayan manya a bincikensa ba ba zai taɓa cin karo da kayanka ba, kai kuma kana can kana mamakin abin da ya hana ciniki. Idan kuma ka yi akasin haka, ka sa hoton tsiraici a ƙarƙashin General, kowane mai wucewa yana da maɓallin kai ƙara, har da abokin gasarka, kuma za a sauke tallar.

Tsofaffin 'yan kasuwar wurin sun daɗe da samo hanya, kuma hanyarsu ta cancanci koyi. Mai sayar da fatar mutum-mutumi yakan rufe nono da al'aura a hoton talla da ɗan kyalle ko tambarin shagonsa, duk da cewa fatar da ke cikin akwatin cikakkiya ce. Mai ƙera kayan ɗaki yakan fitar da gado ɗaya kashi biyu. Na farko yana da motsin zama, kwanciya, karatu da rungumar juna, ana rubuta masa PG, alamar cewa babu batsa a ciki, ana sa shi a General. Na biyu yana da ƙarin motsin manya, farashinsa ya fi tsada, tallarsa daban, hotonsa daban, matakinsa Adult. Katako ɗaya, zanen gado ɗaya, amma talla biyu da ba sa haɗuwa. Wanda ba ya son taɓa na biyun sam sai ya tsaya a na farko, kuma ba a rage masa komai ba: kayan General kowa yana ganinsu, na Adult kuwa wasu ne kawai.

Abin da nake yaba wa Second Life shi ne ta gaya maka gaskiya tun daga bakin ƙofa. Abin da zan ja kunnen mai shiga a kai shi ne maƙwabtaka. Ko kujeru kaɗai kake sayarwa, kana cikin garin da cinikin batsa yake da babban kaso a tattalin arzikinsa, za a gayyace ka baje koli inda rumfar kusa da kai take sayar da abin da ba ka so a gan ka kusa da shi, kuma kayanka, da zarar an saya, ba ka da iko da inda za a ajiye su ko hoton da za a ɗauka da su. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba gara ya sani tun kafin ya kama hayar fili. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta fuskar kuɗi, dalar Linden, wato kuɗin da ake ciniki da su a cikin Second Life, tana yawo a wajajen 250 a kan dalar Amurka ɗaya. Ana sayar da ita a kasuwar canjin kamfanin, sannan a nemi a fitar da kuɗin zuwa waje, kuma kafin a ba ka sai ka nuna katin shaida. Kowane mataki yana da abin da ake cirewa.

IMVU: ma'auni a jikin mutum-mutumi

IMVU ta fito a 2004, kuma tun asali an gina ta ne da matasa 'yan shekara 13 zuwa sama a ciki, tare da manya. Wannan ne ya sa tsarinta ya bambanta. A maimakon raba filaye, sai aka raba kayan kansu gida uku. GA na kowa ne. AP na waɗanda suka cika shekara 18 suka kuma sayi izinin da ake kira Access Pass. UFI kuwa shi ne abin da kamfanin ya ce bai dace da dandalin ba kwata-kwata, ko da izini ko babu. Daga baya an ƙara wani mataki sama da AP mai suna AP+, wanda ya sassauta wasu abubuwan ga manyan da aka tantance, amma rukunin haramtattun yana nan.

Inda IMVU ta fi kowa tsanani shi ne tufafi. Akwai ma'aunin mafi ƙarancin sutura, wanda 'yan wurin suke kira MCG. Hoto ne na jikin mutum-mutumi da aka shafa wa ja a wuraren da dole a rufe. Mai ɗinki yana ɗora rigarsa a kai, ya juya ta gaba da baya, ya duba ta ƙasa, ya sa mutum-mutumin ya zauna ya tashi. Idan ja ya leƙo ko da ɗan ɗigo ne, ta tsakanin leshi ko ta gefen cinya, rigar ta tashi daga GA. Shara-shara a kan wurin jan ba ya ƙirguwa a matsayin rufi. Ga mai son doka a fayyace, wannan alheri ne, domin ba sai ka yi ta zato ba. Ga mai gaggawa kuma tarko ne, domin riga takan rufe jiki a tsaye ta buɗe a zaune.

Sabon kaya yana bi ta hannun sauran masu amfani da dandalin su duba shi kafin ya bayyana a kasuwa. Kada ka ɗauki wucewa wannan mataki a matsayin wanke kai. Ana iya kai ƙarar kaya bayan watanni yana ciniki, ma'aikatan kamfanin su sake masa mataki, kuma laifin yana kan wanda ya sa matakin farko.

Sai babban abin da ya keɓanta da IMVU, wanda ni a ganina shi ne ya kamata ya fi tsaya wa mai zaɓi a rai: ɗora aiki a kan na wani. Yawancin masu sayarwa a can ba sa ƙera ƙirar kaya daga tushe. Wani ne yake ƙera ƙirar riga, ya buɗe ta ga jama'a, kai kuma ka ɗauka ka sa mata launi da zane ka sayar, shi yana samun kasonsa a duk cinikin da ka yi. Tsarin yana sauƙaƙa wa mai farawa ƙwarai, domin ko ba ka iya ƙira ba za ka iya buɗe shago. Amma matakin uwa yana bin 'ya'ya. Abin da aka ɗora a kan ƙirar AP ba zai zama GA ba, ko ka lulluɓe shi daga wuya zuwa idon sawu. Idan kuma aka zo daga baya aka ga ƙirar ta asali ta saɓa doka aka sauya mata mataki, duk abin da aka gina a kanta yana iya tafiya tare da ita. Kana iya yin komai daidai, kuskuren wani da ba ka taɓa magana da shi ba ya share maka kaya goma. Saboda haka a IMVU zaɓen wanda za ka ɗora a kan aikinsa ya kai zaɓen launi muhimmanci, ya ma fi. Duba tsawon zamansa, duba ko kayansa suna yawan ɓacewa, ka kuma gwada ƙirar da ma'aunin jan da hannunka kafin ka ɓata dare a kanta.

Shiga sahun masu ƙera kaya a IMVU yana buƙatar biyan kuɗin zama mamba na VIP, wato akwai abin da kake kashewa a kai a kai ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Roblox: ƙofar a rufe take

A nan maganar gajeriya ce ta wani ɓangaren. Roblox, wadda ta fito a 2006, ba ta yarda da kayan jima'i ba a ko'ina, ga kowa, a kowane mataki. Masu shiga kullum sun haura miliyan 100 a 2025, kuma a ƙididdigar kamfanin ta 2024 kusan kashi 40 cikin 100 ba su kai shekara 13 ba. Wanda yake tunanin zai lallaɓa ya sayar da wani abu mai kama da batsa a wurin da yara suka cika haka, ba shawarar kasuwanci yake buƙata ba, kuma ba na fatan ya samu hanya.

Abin da ke rikita mutane shi ne matakan wasanni. A 2023 kamfanin ya buɗe wasannin 'yan 17 zuwa sama ga waɗanda suka nuna katin shaida, a ƙarshen 2024 ya koma amfani da laƙabi huɗu, Minimal, Mild, Moderate da Restricted, sannan a 2025 ya ɗaga na ƙarshen zuwa shekara 18. A Restricted an yarda da faɗa mai tsanani, jini mai kama da na gaske, giya, zagi da labarin soyayya. Jima'i da tsiraici ba sa ciki. Kuma wannan sassaucin na cikin wasan ne kawai. Kayan sawa da ake sayarwa a babbar kasuwar Roblox suna bin mai su duk inda ya shiga, har wasan 'yan shekara bakwai, don haka dole su dace da kowa. Jikin mutum-mutumin da za ka sayar sai yana da rufin da ba ya cirewa a ƙirji da ƙugu. Rigar da aka zana ta da launin fata don ta yi kama da tsiraici ana sauke ta, a kuma hukunta asusun.

Ribar wannan tsauri ga mai kaya masu tsabta a bayyane take: ba ka da matakin da za ka zaɓa, ba ka da unguwar da za ka guje wa, ga kuma kasuwa mafi girma a cikin huɗun. Kuɗin da kake biya shi ne la'ada mai nauyi da hukunci mai sauri. Kason mai ƙira a cinikin kasuwar yana farawa ne daga kashi 30 cikin 100. Sayar da kayan ƙira yana buƙatar katin shaida da kuɗin ɗorawa, kuma ba a mayar maka da Robux, wato kuɗin cikin dandalin, zuwa kuɗin gaske sai ka tara 30,000 da ka samu ta ciniki, abin da ya ɗan haura dala 100. Na'ura ce take fara duba yawancin kaya, tana kuma yin kuskure, ɗaukaka ƙara kuma yana cin lokaci. Matsin da kamfanin yake sha daga hukumomi yana ƙara wannan tsananin: Turkiyya ta toshe dandalin a Agustan 2024 saboda kare yara, jihar Louisiana ta Amurka ta maka shi a kotu a Agustan 2025. Kamfanin da ke cikin irin wannan hali zai gwammace ya sauke kaya ɗari marasa laifi da ya bar ɗaya mai laifi, kuma mai sayarwa ya shirya wa haka.

VRChat, da masu riƙe da bakin jaka

VRChat ta bayyana a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, a 2017, kuma shekaru da yawa ba ta da kasuwar kanta. Masu ƙira suna sayar da fayil ɗin mutum-mutumi da tufafinsa a waje, a Booth na kamfanin pixiv na Japan, ko Gumroad, ko Jinxxy, mai saye ya sauke ya haɗa a Unity, manhajar ƙera wasanni, ya ɗora da kansa. A 2025 ne kamfanin ya buɗe kasuwar mutum-mutumi a cikin dandalin, da sharuɗɗanta na abin da ya dace a nuna wa jama'a. Akwai laƙabobin gargaɗi da ake sa wa kaya, akwai tantance shekaru ta hannun kamfanin Persona, amma dokar wuraren jama'a ba ta sauya ba: ba a yawo da tsiraici a inda kowa ke shiga, ba a kuma buɗe irin wannan mutum-mutumi ga kowa ya kwafa.

Wannan tsarin yana ba mai ƙira 'yanci da kaso mafi tsoka, tunda kasuwannin waje ba sa cire abin da Roblox take cirewa. Yana kuma sa shi tsakanin dokoki biyu, na inda ya sayar da na inda za a sa kayan, ga na uku da ba a rubuta a shafin kowa ba, wato na kamfanonin katin kuɗi. A Oktoban 2021 Mastercard ta fara aiki da tsauraran sharuɗɗa a kan shafukan da ke sayar da kayan manya. A Disambar 2022 pixiv ta ƙara tsaurara abin da za a iya sayarwa a Booth, ta kuma ce dokokin kamfanonin katin ne dalili. A Maris ɗin 2024 Gumroad ta hana kayan batsa a bayyane saboda matsin masu sarrafa mata biyan kuɗi, masu ƙira da yawa suka kwashe shagunansu cikin gaggawa. A Yulin 2025 Steam ta cire wasanni da dama, itch.io, wata kasuwar wasanni, kuma ta ɓoye kayan manya daga bincikenta, bayan wata ƙungiya ta Ostareliya mai suna Collective Shout ta matsa wa kamfanonin katin lamba.

Darasin ya shafi har Second Life da IMVU. Dandali zai iya ce maka an yarda yau, amma shi ma ta hannun banki yake karɓar kuɗi. Duk wanda ya gina abincinsa a kan kayan manya ya gina shi a kan izinin da mutum uku ko huɗu za su iya janyewa, kuma babu ɗayansu da zai nemi shawararsa. Ga gwamnatoci ma sun shigo. A Birtaniya, daga 25 ga Yulin 2025, shafin da ke nuna batsa dole ya tantance shekarun mai shiga da gaske, kuma hukumar Ofcom tana iya cin tarar da ta kai fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya. A Amurka, Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan doka ta jihar Texas a Yunin 2025. Kowace sabuwar tantancewa tana rage yawan masu isa ga rumfar manya, rumfar kowa da kowa kuwa tana nan yadda take.

Layin da ba shi da mataki

Akwai abu ɗaya da babu General, babu Adult, babu AP a kansa: haɗa surar yaro da wani abu na jima'i. Duka dandalin huɗu sun haramta shi, kuma hujjar cewa babba ne yake riƙe da mutum-mutumin, ko cewa zane ne kawai, ba ta karɓuwa. Second Life ta sha wannan darasi a 2007, lokacin da wani shirin talabijin na Jamus ya fallasa abin da ke faruwa a wasu lungunanta, kamfanin ya rufe asusu ya kuma kafa doka a fili. A 2024 ya ƙara ɗaure ta: mutum-mutumi mai surar yaro ba ya shiga filin Adult, kuma masu ƙera jiki da fatar yara dole su sa rufin da ba ya cirewa. A Ingila dokar 2009 ta sa mallakar irin waɗannan hotuna laifi ne ko da zane ne, Amurka ma tana da dokar 2003 da ta shafi zanen batsa na yara.

Mai ƙera kayan yara na halal, ƙananan riguna ko kayan wasa, ya raba su da duk wani abu na manya rabuwa ta gaske: shago daban, suna daban, fili daban. Mai aiki da salon zanen Japan, inda babba yakan fito da manyan idanu da ƙaramin jiki, ya san cewa mai sa ido zai yi hukunci da abin da idonsa ya gani. Rubuta shekara 20 a bayanin kaya ba ya kare kowa. In kana shakkar yadda wata sura za ta bayyana ga baƙo, kada ka haɗa ta da kayan sha'awa ko kaɗan.

To, ina za a dosa?

Idan kayanka na kowa ne, huluna, jakunkuna, gashi, fukafukai, kuma abin da kake nema shi ne yawan masu saye, Roblox ce. Ka yarda da ƙaramin kaso, ka kuma riƙa ajiye fayilolinka na asali a wajenka, domin ranar da aka rufe asusu ba a ba mutum lokacin kwashe kaya.

Idan gwanintarka a kayan ɗaki take, ko gine-gine, ko tufafi masu kyan ƙira da babba zai biya kuɗi mai kauri a kansu, Second Life ta fi dacewa, kuma ita zan nuna wa yawancin masu ƙira da suka ƙware. Kasonka ya fi yawa, masu sayenta manya ne da suka saba kashe kuɗi a kan gidajensu, dokarta kuma ta daɗe ba ta yi babban juyi ba. Shawarata ka tsaya a General da Moderate. Na faɗi haka don ina ganin ya fi wa mutum kwanciyar rai, na kuma faɗe shi don lissafi: nan ne kowa yake ganinka, nan ne kuma sauyin dokar banki ba ya girgizawa.

IMVU ta mai farawa ce da ya iya launi da zane amma bai iya ƙira ba tukuna, in dai zai jure gwajin ja a kan kowace riga, ya kuma lura da ƙirar da yake ɗorawa a kai. VRChat ta wanda ya iya Unity ce, yake kuma iya tallata kansa, domin a kasuwar waje babu mai kawo maka kwastoma. Shi wannan ya buɗe shago a wuri biyu tun farko, ya kuma tanadi hanyar sanar da masu sayensa idan ɗayan ya rufe.

Wanda kuma ya riga ya yanke cewa kayan manya zai sayar, Second Life ce kaɗai a cikin huɗun da ta tanadar masa wuri a fili, sai IMVU a cikin iyakokinta. Ya sa matakin gaskiya a kowace talla, ko da zai rage masa masu gani. Ɓoye kayan Adult a ƙarƙashin General don a samu ƙarin ciniki yana nufin jefa shi a gaban ɗan shekara 16, kuma wannan ba wayon kasuwa ba ne.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka ƙera kaya na biyu ka bi hanyar kuɗin har ƙarshenta. Duba ko hanyar da dandalin yake biya tana aiki a ƙasar da kake, ko katin shaidarka yana cikin waɗanda suke karɓa, da nawa ake cirewa a kowane hannu. Sannan ka buɗe shafin dokokin kaya ranar da za ka ɗora, ka karanta wanda ke nan a ranar, domin Roblox kaɗai ta sauya matakanta sau uku tsakanin 2023 da 2025.